Tuksido, kwat mai duhu ko riga kawai: shigar namiji a daren ado na jirgin ruwan shaƙatawa

Cikin takardun da kamfanin jirgin ruwan shaƙatawa ke turo wa fasinja bayan ya biya kuɗin tafiya, akwai layin da maza da yawa ba sa karantawa sai ana jibi tashi, lokacin da akwati ya riga ya cika. Layin yana cewa a tafiyar za a yi dare ɗaya ko biyu da ake son kowa ya ci ado kafin ya shiga babban ɗakin cin abinci. Mata ba su cika shan wahala a nan ba, domin ƙa'idar da ake rubuta musu tana da faɗi. Namiji kuwa hanya huɗu ce a gabansa: ya ɗauki tuksido, wato baƙar kwat da wando na musamman da Turawa ke sakawa a manyan tarukan dare, da duk tarkacensa, ko kwat da wando masu duhu da laktaye, ko kwat tilo da zai ɗora a kan wandon da yake da shi, ko kuma ya ce shi bai zo hutu don a shaƙe masa wuya ba, ya je ya ci abincinsa a wani wuri.

Kowace daga cikin huɗun akwai jirgin da ta dace da shi, akwai kuma wanda za ta ba ka kunya a cikinsa. Saboda haka kafin ka buɗe durowar kaya, duba sunan kamfanin da ke kan tikitinka. Shi ne ke yanke rabin hukuncin.

Kuma abu uku ne mutane ke cakuɗawa idan ana wannan magana. Akwai abin da kamfani ya rubuta, akwai abin da ma'aikacin da ke tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci zai bari ya wuce, sannan akwai abin da mutanen da ke zaune a ciki suka saka. Ukun ba su cika zama ɗaya ba. Mai ƙofa yana iya barinka ka shiga da riga mai gajeren hannu, ka zauna ka tarar kai kaɗai ne haka a teburin mutum takwas. Yana iya yiwuwa kuma ka bi rubutacciyar ƙa'ida sau da ƙafa, ka sha tuksido, ka tarar na kusa da kai da wandon jins yake. Abin da ya kamata ka auna shi ne na ukun, domin da mutanen ɗakin za ka zauna har awa biyu.

Kamfanonin da ba sa wasa da daren

A sahun gaba akwai Cunard, kamfanin da Samuel Cunard ya kafa a 1840, mai jirgin Queen Mary 2 da ya fara aiki a 2004, wanda ke ratsa tekun Atilantika tsakanin Southampton a Ingila da New York a Amurka cikin dare bakwai. Su Gala Evening suke kiran daren, kuma galibi sau biyu ake yinsa a wannan tsallakawa. Abin da suke nema ga namiji shi ne tuksido ko kwat da wando masu duhu, da laktaye a wuya. Abin da ya bambanta su da saura shi ne ƙa'idar ba ta tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci ba: daga ƙarfe 6 na yamma ta mamaye yawancin jirgin, har ɗakin wasan kwaikwayo da babban ɗakin rawa na Queens Room. Wanda bai shirya ba an ware masa wuraren da zai iya zama, kamar ɗakin ɗebi-da-kanka na Kings Court. Ba wanda zai kwana da yunwa, amma ya sani cewa ya sallama mafi kyawun ɓangaren jirgin a daren. Sukan kuma sa wa daren jigo, kamar baƙi da fari, ko ja da ruwan zinare, ko daren rufe fuska. Kada wannan ya firgita ka. Ga namiji ɗan hankicin aljihun ƙirji mai launin jigon ya wadatar.

P&O Cruises na Ingila yana biye da su. Fasinjojinsa galibi 'yan Birtaniya ne, su kuwa suna son wannan dare, har za ka ga mutumin da ya wuni da gajeren wando a bakin wurin ninƙaya ya fito da daddare kamar wanda zai karɓi lambar yabo. Kwat mai duhu da laktaye ta wuce a nan ma. A manyan sababbin jiragensa, Iona da Arvia, an rage daren zuwa ɗaya a mako.

Masu tsaka-tsaki, inda rikicin yake

Yawancin fasinjojin duniya a nan suke, kuma a nan ne rubutu da zahiri suka fi raba hanya. Kamfanin Princess yana riƙe da daren ado biyu a tafiyar kwana bakwai, yana kuma ambaton tuksido ko kwat mai duhu, amma za ka ga maza da dama da riga mai kwala da wando kawai, ba wanda ya ce musu kanzil. Royal Caribbean ma biyu ne a mako, sai dai shawara suke bayarwa fiye da umarni. Carnival yana kiran nasa Cruise Elegant: wando na kirki da riga mai dogon hannu, kwat kuma in ka ga dama, dare ɗaya a gajeriyar tafiya, biyu in ta kai kwana shida. Celebrity ya soke tsohon daren tun 2015 ya maye gurbinsa da Evening Chic, inda ko jins mai kyau ya halatta. Holland America ma ya sassauta, riga mai kwala da wando sun shigar da kai. MSC yana da nasa daren gala, kuma da yake fasinjojinsa daga ƙasashe da yawa suke, shigar da za ka gani a ɗaki ɗaya takan bambanta ƙwarai.

A wannan rukuni hanyar da jirgin zai bi tana canza abubuwa fiye da sunan kamfanin. Tafiyar kwana uku zuwa tsibiran Karibiyan, cike da iyalai da yara a lokacin hutun makaranta, ba a cika ganin tuksido a cikinta ba. Jirgi iri ɗaya idan ya tashi daga Southampton na mako biyu, ko yana tsallaka teku da fasinjoji masu manyan shekaru, sai ka ga ɗakin ya yi baƙi da kwat. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara ma mutane sun fi cin ado.

Waɗanda suka yi watsi da shi

Norwegian Cruise Line tun 2000 ya fito da tsarin da ya kira Freestyle, ba lokacin cin abinci tsayayye, ba daren ado na dole. Virgin Voyages, wanda ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, ba shi da ƙa'idar sutura ta irin wannan. Abin da yake da shi shi ne Scarlet Night, daren da kowa ke saka wani abu ja. Viking da Oceania da Azamara duk ba sa yin daren ado. Abin da suke so shi ne kowane dare mutum ya fito tsaf da wando da riga mai kwala.

Nan ne mutane ke yin kuskuren lissafi. Suna ɗauka tsadar tikiti ita ce ma'aunin tsananin sutura, alhali Viking da Oceania sun fi Princess tsada nesa ba kusa ba, amma wanda ya shiga ɗakin cin abincinsu da tuksido sai a yi ta kallonsa. Haka kuma mallaka ba ta nuna komai: Cunard da P&O da Princess da Holland America da Carnival duk ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya suke, Carnival Corporation, amma kowanne da nasa tsarin. Jiragen kogi na Turai da masu zuwa Antatika kuwa ba ma sai an tsaya a kansu ba, ba mai tambayarka laktaye a can.

Tuksido

Asalinsa ana danganta shi da telolin Henry Poole na titin Savile Row a Landan, waɗanda suka ɗinka wa Yariman Wales gajeriyar kwat ta cin abincin dare a 1865, sannan ta shahara a Amurka ta hanyar unguwar masu kuɗi ta Tuxedo Park a jihar New York a 1886. A lokacin ma sassauci ce, domin ta zo ne ta hutar da maza daga doguwar kwat mai jela.

Abin da ya raba shi da baƙar kwat ta yau da kullum ƙanana ne, amma ido yana kama su daga nesa. Kwalar da ta gangaro ƙirji an lulluɓe ta da yadi mai sheƙi, maɓallan ma haka, galibi maɓalli ɗaya ne a gaba. Wandon yana da siririn layi mai sheƙi a gefen ƙafa, ba shi da maratayar bel, don haka da igiyoyin kafaɗa ko ɗan maɗaurin gefe ake riƙe shi. Farar riga ce a ciki, mai hannun da ake naɗewa a sa maɓallan ƙarfe. A wuya baƙin laktaye ne ƙarami mai fukafukan malam-buɗe-littafi. A ƙugu kuma ko dai falmaran mai gajeren gaba, ko faffaɗar ɗamara mai ninki, wadda bakin ninkinta ke kallon sama. Ɗaya ake sakawa, ba a haɗa su. Sai baƙin takalmi sau-ciki mai igiya wanda ya sha gogewa, da baƙar safa doguwa, yadda in ka harɗe ƙafa ƙwaurinka ba zai leƙo ba.

Ka ga ke nan wanda ya ce zai ɗauki tuksido abu bakwai ko takwas ya ɗauka, kuma in ɗaya ya ɓace saura sun gurgunce. Mantuwar maɓallan hannu kaɗai ta isa ta hana ka fita. Ga shi kuma ba ya aiki a ko'ina sai wannan dare: ba ka saka kwat ɗinsa da rana, ba ka sauka da wandonsa yawo a gari.

Duk da haka ba zan rage masa daraja ba. A kan Queen Mary 2, lokacin da ƙungiyar makaɗa ke wasa a Queens Room, mutane suna gangarowa matakalar ɗakin cin abinci na Britannia, tuksido yana cikin abin da ka biya kuɗi ka zo gani, kai ma kuma kana cikin abin da wasu suka zo gani. Yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, wato ya ɗauke maka tunani. Ba zaɓen launi, ba tambayar ko wannan ya dace da wancan. Kuma tsarinsa ba ya tsufa da wuri. Wanda aka ɗinka da kyau yana kai shekara goma ko fiye, in dai tumbi ya ba da haɗin kai.

Akwai ƙaninsa, farar kwat ta dare da ake sakawa da baƙin wandon tuksido. Ta yi tashe a shekarun 1930 a wuraren zafi da kan jiragen ruwa, don haka a jirgi tana gidanta ne. Ta dace da Karibiyan da Bahar Rum lokacin bazara, ba ta dace da tsallaka arewacin Atilantika cikin hunturu ba. In za ka saya, nemi mai launin madara maimakon fara fat, domin ma'aikatan jirgi da yawa fararen kaya suke sakawa, kada wani ya miƙo maka kofinsa. Kuma ka tuna ɗigon miya ɗaya ya gama da ita har ƙarshen tafiya.

Kwat da wando masu duhu

In an ce in zaɓi ɗaya ga mutumin da bai taɓa hawa irin wannan jirgi ba, wannan zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Dalilin kuwa shi ne ita kaɗai ce ba ƙofar da ke rufuwa a gabanta. Cunard da ya fi kowa tsanani ya rubuta ta cikin abin da ya yarda da shi. A Carnival ko Royal Caribbean tana sa ka cikin waɗanda suka fi kowa kyan shiga ba tare da ka zama abin kallo ba. A Viking ka cire laktayen, ka buɗe maɓallin wuya, ka yi daidai da ɗakin.

Amma kalmar "duhu" da gaske ake yi. Shuɗi mai duhu sosai, ko ruwan gawayi, ko baƙi. Ruwan toka mai haske da ruwan ƙasa kayan rana ne, a ɗakin da kowa ke cikin baƙi sai su yi ta ihu. Ni na fi son shuɗi mai duhu ko ruwan gawayi a kan baƙi, saboda baƙar kwat a gefen tuksido takan yi kama da wadda ta yi ƙoƙarin zama tuksido ta kasa, shuɗiya kuwa ba ta yi wa kowa gasa ba. Yadin ya zama marar zane, ko mai zanen da sai an matso ake gani. Manyan layuka na ofis ne.

Abin da ke ɗaga ta daga kayan aiki zuwa kayan dare abu uku ne masu sauƙin ɗauka: farar riga sol, laktaye mai duhu marar hayaniya, da farin hankici a aljihun ƙirji. In ka so ka ɗaura ƙaramin baƙin laktayen nan na tuksido a kanta, yawancin mutane daga nesa ba za su bambance ba, ko da yake masu tsattsauran ra'ayin sutura za su taɓe baki. Takalmi baƙi, bel baƙi.

Yadi ma abin dubawa ne. Ulu marar nauyi, irin wanda ake saƙawa don ƙasashen zafi, shi ne ya fi dacewa: yana shan iska, kuma in ka rataye shi dare ɗaya yawancin yamutsewar akwati takan sake da kanta. Lilin yana da sanyi amma kafin ka gama miya ya tattare. Yadin roba zalla yana riƙe zafi, yana kuma ƙyalli a hoto, ga shi a wannan dare masu ɗaukar hoton jirgi sun kafa fitilu a kowace kwana.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ɗinki. Kwat mai araha da ta zauna a kafaɗa ta fi tuksido mai tsada da ke lilo a jiki. Kafaɗa ta tsaya inda taka ta tsaya, hannun ya bar ɗan bakin farar riga ya fito kamar faɗin yatsa, ƙafar wando ta taɓa takalmi ba tare da ta taru a kansa ba. Tela yana iya gyara hannu da ƙugu da tsawon wando cikin sauƙi, kafaɗa ce ba ta gyaruwa. In kwat ɗin ta daɗe a rataye, gwada ta mako uku kafin tafiya, ka maɓalle ta, ka zauna a kujera da ita. Ka kuma bar ɗan sarari a ƙugu, domin daren ado na biyu yakan zo ne kusan ƙarshen mako, bayan kwana biyar ana ci ba ƙaƙƙautawa.

Wajen tattalin akwati ma ta ci. Wandonta yana aiki a sauran darare da riga kawai. Kwat ɗin tana aiki a gidan abinci na musamman da ake biya daban. Riga biyu da laktaye biyu sun mai da ita shiga biyu, ba wanda zai lura kwat ɗaya ce. In ka dawo gida kuma tana nan tana jiran ɗaurin aure ko taron aiki.

Kwat tilo, da riga ba kwat

Kwat tilo, wato wadda ba a ɗinka ta da wandonta ba, galibi shuɗiya mai duhu a kan wando ruwan toka, ita ce daidai ruwa daidai tsaki a rukunin tsakiya. A Celebrity da Holland America da Carnival da Royal Caribbean ba abin da za ka rasa da ita. A Princess ma za ta wuce. Inda take gazawa shi ne daren gala na Cunard da daren P&O, domin su kwat da wando iri ɗaya suka rubuta. Ka jefa laktaye ɗaya a aljihunta ko da ba ka da niyyar ɗaurawa. Nauyinsa bai kai komai ba, kuma yana iya fitar da kai kunya.

Riga mai dogon hannu da wando ba kwat ita ce ƙasan ma'auni. Tana shigar da kai a jiragen Amurka masu sassauci, shi ke nan abin da za a ce game da ita. Abin da kusan kowane kamfani ya hana a babban ɗakin cin abinci a wannan dare bai canza ba: gajeren wando, singileti, kayan ninƙaya, silifa, hular wasanni, da jins mai yage-yage. Ka kuma sani ɗakunan cin abincin jirgi suna da sanyin na'ura sosai, har a tsakiyar Karibiyan, don haka kwat ba wahala ce kawai ba.

Ƙaurace wa daren kuwa ba laifi ba ne, kuma ya fi a je a tsaya ana jayayya da mai ƙofa. Ɗakin ɗebi-da-kanka yana buɗe, ana kuma iya kawo maka abinci ɗaki. Sai dai ka yi lissafin abin da za ka bari. A daren ne kicin ke fito da mafi kyawun abin da yake da shi, a daren ne galibi kyaftin ke fitowa ya gaisa da fasinjoji ya gabatar da manyan jami'ansa, kuma wasan da ake yi a babban zaure yakan fi na sauran darare. In kuma da iyali kake tafe, tambayi uwargida tukuna. Macen da ta ɗauko rigar da ta tanada don wannan dare ba za ta ji daɗin cin abinci a tire ba saboda maigida ya ƙi ɗaukar kwat.

Akwai hanya ta biyar da ta halatta a kamfanonin Birtaniya: cikakkiyar shigar ƙasa ta alfarma, ko kakin soja na biki ga wanda ya cancanta. Shi ya sa ake ganin 'yan Sikotilan da ɗan zanensu mai ninki a daren. Sharaɗin shi ne ta zama shigar da ake zuwa babban taro da ita a ƙasar mutum, cikakkiya daga sama har takalmi. Wanda zai bi wannan hanya ya rubuta wa kamfanin kafin tafiya ya riƙe amsar a wayarsa, saboda ma'aikacin ƙofa ba lallai ne ya san kayan kowace ƙasa ba.

Saye ko haya

A da mutum yana iya aika awonsa ya tarar da tuksidon haya a rataye a ɗakinsa na jirgi. Kamfanoni da dama sun daina wannan, saboda haka kada ka dogara da shi sai ka tabbatar kafin tashi. Haya daga shago a tudu tana nan, amma su lissafinsu na ƙarshen mako ɗaya ne, kai kuwa za ka riƙe kayan kwana goma ko sha huɗu har da kwanakin hanya, kuɗin sai ya tasam ma na saye. Ga kuma abin da masu iya magana suka faɗa, kayan aro ba ya rufe katara: tuksidon haya an yanka shi ne don ya shiga jikin mutum ɗari, shi ya sa bai cika zama a jikin kowa ba. Wanda zai hau Cunard ko P&O sau ɗaya don ya gani, kwat mai duhu ta ishe shi. Wanda ya san zai riƙa komawa, ko yana da tarukan dare a rayuwarsa ta tudu, ya saya ya kai wa tela. Haya ta fi dacewa da mai tsallaka Atilantika sau ɗaya wanda ransa ya biya da hoton, kuma ya san zai dawo ta garin da ya karɓi kayan.

Akwati, guga da kalandar jirgi

Daren farko kusan ba a taɓa sa shi na ado, domin akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba. Na ƙarshe ma haka, saboda a daren ne ake fitar da akwatuna bakin ƙofa don a sauke su da safe. Galibi ana sa shi ne a ranar da jirgi ya wuni a tsakiyar teku bai tsaya a tasha ba, sau da yawa dare na biyu. Takardar shirye-shiryen yini da ake ajiye maka a ɗaki, ko manhajar kamfanin a waya, ita ce ke faɗin shigar kowane dare. Kamfanoni suna canza ƙa'idojinsu lokaci zuwa lokaci, don haka abin da aka rubuta a takardun tafiyarka shi ne abin bi, ko da abokinka ya hau jirgin shekara uku da suka wuce ya gaya maka wani abu daban.

Tunda daren yakan zo da wuri, maganar guga ta taso tun ranar shiga. Ba a yarda fasinja ya shigo da dutsen guga ba, saboda gobara ita ce babban abin tsoro a teku, kuma in an gan shi a na'urar binciken kaya za a riƙe shi har ƙarshen tafiya. Yawancin kamfanoni sun haɗa da na'urar tururi a wannan hani. Cunard da Princess da P&O suna da ɗakunan wanki da fasinja zai shiga ya yi guga da kansa, sai dai da la'asar ɗin daren ado layi ne har waje, gara ka je da safe. Royal Caribbean ba shi da irin wannan ɗaki, sai ka ba ma'aikacin ɗakinka ya kai a goge a caje ka, kuma in kana so ya dawo a kan lokaci tun yammacin ranar farko za ka miƙa. Dabarar rataye kwat a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi tana taimaka wa ulu, amma ba ta yi wa farar rigar auduga komai.

Jirgin ruwa bai cika damuwa da nauyin kayanka ba, jirgin saman da zai kai ka tasha shi ne mai damuwa, kuma kilo 23 ne akwatin yawancin masu ƙaramin tikiti. Takalmin dare shi ne mai cin wuri, don haka cusa safa da bel a cikinsa. Kwat kuwa juya ta ciki waje, ka shigar da kafaɗa ɗaya cikin ɗaya, ka naɗe ta a saman kaya, ka fito da ita ka rataye da zarar akwati ya iso. Wanda ya fi wannan ma shi ne ka saka ta a jikinka a jirgin sama, ka sa wandon da farar riga ɗaya a jakar hannu. Akwati yana iya makalewa a wani filin jirgi, jirgin ruwa kuma ba ya jiran akwati. Sai dai a bi ka da shi tasha ta gaba, wadda a tsallaka Atilantika tana bayan dare bakwai. Shagon cikin jirgi yana iya sayar maka da laktaye ko maɓallan hannu, amma samun kwat daidai kafaɗarka a can sai an yi babbar sa'a.